Furen Sanyi a Ƙasar Zafi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ranunkulus a Tukunya

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin lambu. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan fure ɗaya, wanda da yawanku kuka fara ganinsa a hotunan biki cikin waya: mai ninki kan ninki, naɗe tsaf kamar rawanin sarauta, fari ko ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. Sunansa ranunkulus, a jikin ledar da ta fito daga Faransa kuwa za ku ga an rubuta renoncule. Mun taƙaita wasiƙun, masu kama da juna mun haɗe su.

Tambaya: Ƙanwata da ke aure a Faransa ta aiko mini da 'yar leda mai hoton furanni gwanin sha'awa. Da na buɗe sai na tarar da wasu busassun abubuwa guda goma, baƙi-baƙi, kamar gizo-gizon da ya mutu ya ƙandare. Lalacewa suka yi a hanya, ko haka suke? In da ransu, yaya zan shuka su? *Daga wata uwargida, Ngawundere.*

Amsa: Hajiya, kada ki zubar da ko ɗaya. Haka halittarsu take, kuma da ransu, barci kawai suke yi. Asalin wannan fure, wanda masana tsirrai ke kira Ranunculus asiaticus, daga gabashin tekun Bahar Rum yake, wajajen Turkiyya da Siriya da tsibiran Kubrus da Kirit har zuwa Iran. A can ruwan sama tare da sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuwa ƙasa ƙamas take. Shi ya sa shukar ta saba tashi cikin sanyi ta yi fure, da zafi ya kunno kai sai ta zubar da ganye, ta tattara abincinta cikin saiwa ta kwanta. Wannan saiwar ce ke hannunki, kuma duk dabarar da za mu faɗa a shafin nan daga wannan ɗabi'a ta taso.

Ɗauki guda ki duba ta da kyau. Za ki ga 'yan yatsu masu tsini sun haɗu a wuri ɗaya kamar ƙafar tsuntsu da ta dunƙule, abin da ya sa Faransawa ke ce mata griffe, wato akaifa. Inda yatsun suka haɗu akwai ɗan gashi-gashi toka-toka. Nan ne kai, daga nan toho zai fito. Wajen shuka yatsu ne ke duban ƙasa, kai yana duban sama. In an juya ta, tohon zai ɓata ƙarfinsa wajen kewayowa, sau da yawa ma ya ruɓe kafin ya ga rana. Lambar da ke jikin leda, 5/6 ko 6/7, kewayen saiwar ke nan a santimita. Mafi girma ta fi yawan fure.

Fara da jiƙo. Ki zuba su cikin kwano da ruwan randa, awa uku zuwa huɗu, kina sauya ruwan duk awa. Za ki ga sun sha sun kumbura kusan ninki biyu, yatsun sun yi ɓul-ɓul kamar ɗan ƙaramin nonon ayaba. Daga nan a tsame. Kada a yi musu jiƙon gero na kwana, saiwar za ta shaƙe, ruɓa ta shige ta tun ba a kai ga tukunya ba.

Sai a tashe su daga barci cikin sanyi, matakin da mutanenmu suka fi tsallakewa, alhali a ƙasarmu shi ne rabin aikin. Samu roba mai faɗi, ki shimfiɗa ƙasa mai yashi kauri santimita 4. Danshinta ya zama irin wanda in kin matse ta a tafin hannu za ta dunƙule amma ko ɗigo ba zai fita ba. Jera saiwoyin a kai, ki rufe su da wata ƙasar santimita 2, ki lulluɓe robar da leda mai huji-huji, ki sa a aljihun kayan miya na ƙasan firiji, inda sanyi ke tsakanin digiri 5 da 10. Ban da ɓangaren ƙanƙara, yana kashe su. Ki raba su da ayaba da mangwaro da tumatir, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna tana cutar da toho. Duk kwana biyu ko uku ki leƙa, wadda ta yi fumfuna ki cire. Cikin kwana 10 zuwa 14 za ki ga fararen jijiyoyi kamar zare sun fito, tsawon santimita ɗaya ko fiye. Lokacin dashe ya yi.

Tukunyar yumɓu ta fi roba nesa, saboda tana numfashi tana sanyaya ƙasa, baƙar roba kuwa dafa saiwa take yi da tsakar rana. Zurfinta ya kai santimita 20 zuwa 25. Mai faɗin baki santimita 15 saiwa ɗaya za ta ɗauka, mai faɗin 30 ta ɗauki uku, tazarar santimita 10 tsakaninsu. Dole a gindinta a sami huji uku ko huɗu da yatsa zai shiga. Ya fi sauƙi ki gaya wa maginiya ta huda tun tukunyar tana ɗanya. Ɗora tsingaro a kan kowane huji don kada ƙasa ta toshe shi, tukunyar kuma ki aza ta bisa duwatsu uku kamar murhu, ruwa ya sami hanyar fita.

Haɗin ƙasa: mudu biyu na ƙasar jigawa, mudu ɗaya na yashin mayo, wato kogi, mai tsakuwa-tsakuwa, mudu ɗaya na takin shanu da ya shekara ya ruɓe ya koma baƙi ba ya wari, a tankaɗe, sannan cikin tafi biyu na dakakken gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa. Jar ƙasar Ngawundere in ta bushe a tukunya daskarewa take yi, don haka in da ita za ki yi aiki ki ƙara yashi. Gwada haɗin kafin ki dasa: zuba moɗa ɗaya na ruwa, in bai nutse cikin minti guda ba, yashi bai isa ba. Ki dasa a hankali kada jijiyoyin su karye, kan saiwa ya kasance santimita 3 zuwa 4 ƙarƙashin ƙasa, ki ba da ruwa sau ɗaya ya ratsa, ki ajiye a inuwa mai haske har ganye ya leƙo.

Tambaya: Ni a Njamena nake. Abokina ya ce ɓata kuɗi zan yi, wai furen Turai ba ya yi a nan. Ku gaya mini gaskiya. *Daga wani malamin makaranta.*

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Shukar nan ta fi jin daɗi in dare yana tsakanin digiri 5 da 10, rana kuma 15 zuwa 20. Idan ƙasar da take ciki ta daɗe sama da digiri 25, sai ta ɗauka shekararta ta ƙare, ta daina fure ta fara shirin barci. Yanzu auna da garuruwanmu. Ngawundere na bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000, daren Disamba da Janairu kan sauka wajen digiri 10 zuwa 13, amma rana tana taɓa 30. A Njamena daren Janairu wajen 14 ne, rana ta haura 30, a watan Afrilu kuwa ta wuce 40. Garwa, da ke kwance cikin kwarin Binuwai, ita ta fi wuya, don ko cikin hunturu darenta bai cika yin sanyi sosai ba.

Ka ga ke nan ko'ina a yankinmu ƙofa ɗaya ce a buɗe, wato hunturu, kuma ƙofar ƙarama ce. Daga jiƙo zuwa fure kusan kwana 90 ne, in da ɗumi ya ɗan gaza haka. Sai a ƙirga da baya. Mutanen tudu, irin su Ngawundere, Meiganga, Banyo da duwatsun Mandara wajen Mokolo da Rumsiki, su jiƙa a farkon Nuwamba, su dasa a tsakiyarsa, su sa ran fure daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Ku na Njamena da Kuseri da Marwa da Garwa, zafin kaka bai gama sakinku ba a farkon Nuwamba, don haka ku bar saiwoyin a firiji har mako uku, ku dasa bayan 20 ga wata. Abin da za ku samu, karan fure gajere ne, furen bai kai na hoto girma ba, kuma mako biyu ko uku zai yi maimakon huɗu zuwa shida da yake yi a ƙasashen sanyi. Shekarar da hunturu ya yi rauni ma ganye kawai za a gani. Shawararmu ka fara da saiwa biyar, ka ga yadda tsakar gidanka za ta karɓe su.

Akwai batun lokacin saye. Masu sayarwa a Turai sau biyu suke fito da saiwar, daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan Fabrairu da Maris. Ta farkon ce ta dace da mu. Wanda tasa ta iso a Maris kada ya shuka, bazara za ta cinye ta. Ya adana ta a bushe har Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a yi saƙo tun watan Agusta, kuma mai kawowa ya tambayi ƙa'idar shigo da tsirrai, don ana neman takardar lafiyar shuka a kan iyaka.

Babbar dabarar ita ce sanyaya saiwa, don ganye na iya jure zafin rana in ƙasar da ke ƙarƙashinsa da sanyi. Ka san tukunya cikin tukunya da ake adana tumatir da alayyafo, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa a shekarun 1990? Ita za ka yi. Sa tukunyar furen cikin wata babba, ka cika tsakaninsu da yashi kauri santimita 3 zuwa 5, ka riƙa jiƙa yashin safe da azahar. Busasshiyar iskar hunturu tana shan ruwan ta jikin yumɓu, tana tafiya da zafin. Sharaɗi ɗaya: ita ma babbar tukunyar a huda gindinta a zuba tsakuwa, in ba haka ba ruwa zai taru ƙaramar ta zauna cikin tabo. Da irin wannan haɗin, in an rufe bakinsa da jiƙaƙƙen buhu aka ajiye a inuwa, wanda ba shi da firiji ko wutarsu ba ta tsayawa zai iya tayar da saiwarsa, ko da yake sanyin bai kai na firiji ba.

Wuri kuma, nemi gabashin ɗaki ko katanga, inda hantsi zai same ta daga fitowar rana zuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya, daga nan inuwa ta rufe ta. Ka guji jikin bango na yamma da na kudu, da daɓen siminti, da ƙarƙashin kwano, duk suna tara zafi su sake shi da dare. A bar ta ta kwana a fili, sanyin asuba abincinta ne. Baza ɓuntu ko busasshiyar ciyawa santimita 2 a saman ƙasa, ba tare da ta taɓa gindin shukar ba. Ranar da iska ta taso da ƙura a kare ta da zana ta arewa maso gabas, sau ɗaya a mako kuma a wanke ganyen da sassafe, don ƙura na toshe shi.

In kuwa abin da kake so shi ne fure mai ninki da zai cika maka ido ba wahala, nemi zinniya ko fotulaka mai ninki, wadda masu sayar da furanni ke kira pourpier. Su rana ce abokiyarsu, har cikin bazara.

Tambaya: Na shuka guda takwas, ina ba su ruwa safe da yamma kamar yadda nake yi wa albasa. Mako uku shiru. Da na tona sai na tarar sun narke suna wari. Me na yi ba daidai ba? *Daga wani matashi mai lambu a bakin mayo, Marwa.*

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan ne ya kashe su, kuma ba kai kaɗai ba ne, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Sunan furen ma yana ruɗarwa: a harshen Latin ma'anarsa ƙaramin kwaɗo, saboda danginsa da yawa a fadama suke fitowa. Wannan kuwa ɗan tudu ne. Saiwar da ba ta fitar da jijiya da ganye ba ba ta da bakin shan ruwa, don haka duk abin da ka zuba kewaye ta yake yi ya zauna. Danshi ya haɗu da ɗumin ƙasa, ƙwayoyin ruɓa sun sami abin da suke so, cikin 'yan kwanaki sai ta zama kunu.

Bayan ruwan ranar dashe, kada ka ƙara sai ka tura yatsa har gaɓa ta biyu ka ji ƙasa ta bushe. Kafin ganye ya fito wannan na iya ɗaukar kwana uku ko huɗu. Da ganye ya yawaita shan ruwa zai ƙaru, a tukunyar yumɓu cikin hunturu har ya kai kullum ko bayan kwana ɗaya, amma yatsa ne alƙali, ba agogo ba. In za ka ba da, ka ba da sosai har ya zubo ta huji, da sassafe, a gindi ba bisa ganye ba. Ruwan randa da ya kwana shi ne daidai. Wanda ya wuni cikin jarka a rana ya riga ya zama ruwan wanka.

Muna kuma zargin ƙasarka. In daga karal ka ɗebo, baƙar lakar da ake dasa masakwa, to ita aikinta ke nan riƙe ruwa wata da watanni, shi ya sa dawar rani ke rayuwa a cikinta ba ruwan sama. A tukunya wannan alheri shi ke zama ajali. Zubar da ƙasar da saiwoyin suka ruɓe a ciki, ka wanke tukunyar ka shanya ta a rana kwana biyu kafin ka sake amfani da ita.

Tambaya: Nawa sun fito, ganye ya yi kore shar kamar na faski, amma wata biyu da rabi ba fure. Yanzu kuma na ƙasa sun fara rawaya. *Daga wata ma'aikaciyar jinya, Garwa.*

Amsa: 'Yar'uwa, abu biyu kika haɗa, bari mu raba su. Ganye ba fure, ko taki ne ya yi yawa ko haske ya yi kaɗan. Yuriya, ɗanyen kashin kaji, da takin zamani mai lamba 20-10-10 da ya cika kasuwanninmu, duk ganye suke turawa, karan ya yi laushi ya kwanta. Abin da ya dace shi ne mai lamba 15-15-15: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, wajen giram 5, a narkar cikin lita 5 na ruwa, a zuba duk mako biyu, tun daga lokacin da shukar ta yi ganye huɗu ko biyar. A fara jiƙa ƙasa da ruwa zalla kafin a zuba, don taki a busasshiyar ƙasa ƙona jijiya yake yi. In kuma tsoron rana ya sa kika ɓoye tukunyar a inuwa wuni guda, ki fito da ita. Ba ta yin fure sai ta sami hantsi na awa huɗu ko fiye. Alamar ƙarancin haske, ganyen kan yi dogon wuya ya karkata gefe ɗaya.

Rawaya kuwa sai an karanta ta. In ƙasa jiƙe take amma shukar ta yi yaushi tun da safe, jijiya ce ke ruɓewa: tsayar da ruwa, duba ko huji ya toshe. In bakin ganyen ne ya ƙone ya yi ƙasa-ƙasa, ga farin ɓawo a saman ƙasa ko jikin tukunya, gishirin taki ne ya taru, ko ruwan rijiya mai kanwa irin wanda ake samu a wasu wuraren kusa da tafkin Chadi. Maganinsa a kwarara ruwa mai daɗi, ninki biyu na cikin tukunyar, ya wanke ya fita, sau ɗaya a wata. In duk ganyen ne ya koɗe, ƙanana ba sa girma, yunwa ce. Amma in Fabrairu ya yi nisa, dare ya daina sanyi, rawayar ta kama daga ƙasa tana hawa, to ba ciwo ba ne, barci ne ya zo. A Garwa wannan muka fi zato, musamman in an makara wajen dashe. Ƙarin ruwa ko taki ba zai dawo da ita ba, sai dai ya ruɓar da saiwar da za ki iya adanawa.

Tambaya: Zan iya ajiye shi a falo, tunda akwai na'urar sanyaya ɗaki? *Daga wata amarya, Kuseri.*

Amsa: Amarya, ba furen ɗaka ba ne, hasken falo ba ya isarsa. Amma na'urarki za ta yi amfani: ya sha hantsi a waje, ki shigo da shi bakin taga daga azahar zuwa la'asar, nesa da inda iskar ke bugawa, da yamma ki mayar da shi ya kwana a fili. In ya buɗe kina da baƙi, kwana biyu a falo ba zai cutar da shi ba.

Tambaya: Wasu ƙananan ƙwari kore sun lulluɓe ƙullin furen, ga tururuwa na hawa da sauka. A wata tukunyar kuma ganye ya yi fari kamar an barbaɗa toka. *Daga wani dattijo, Mokolo.*

Amsa: Baba, na farkon darɓa ce, irin wadda ke kama dawa da wake, tururuwar kuma zaƙin da take fitarwa suke bi. Tana tsotse ƙulli ya buɗe a murguɗe. In ba ta yi yawa ba a murje ta da yatsa ko a fesa mata ruwa da ɗan ƙarfi. In ta yi yawa, a kankare sabulun salo cikin ƙaramin cokali a narkar a lita ɗaya, a ƙara man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya, a girgiza sosai, a fesa da la'asar sakaliya har bayan ganye, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ban da garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. A kuma fara gwadawa a ganye biyu a jira kwana ɗaya. Wannan haɗin yana rage jajayen ƙwarin nan ƙanana ƙwarai masu saƙa yana a bayan ganye, waɗanda bushewar hunturu ke kawowa.

Farar tokar kuwa fumfuna ce, tana son cunkoso da wurin da iska ba ta ratsawa. A tsinke ganyen da ya kamu a ƙone, a raba tukwanen da juna taki guda. A kuma lura da ɓeraye, suna tono saiwa da dare, da kaji masu barbaza ƙasa. Ɗan kejin waya ya isa.

Tambaya: An ce yana da dafi. Ina da yara da awaki a gida. *Daga wata uwa, Meiganga.*

Amsa: Gaskiya aka gaya miki, Hajiya. Ruwan jikinsa, ganye da kara da saiwa, yana da sinadari mai ƙuna. A fata yana sa ƙaiƙayi har da bororo ga wasu, a baki yana ƙona harshe, dabbar da ta ci za ki ga tana dalalar da miyau, ga zawo. Ɗora tukwanen inda yaro da akuya ba sa kaiwa, ki wanke hannu bayan yanka, robar da ke firiji kuma ki ɗaure ta ki gaya wa mutanen gida ba abin ci ba ne. In yaro ya tauna, a kurkure masa baki, a kai shi asibiti tare da guntun abin da ya ci. Dabba kuma a kira likitan dabbobi.

Tambaya: Yaushe ake yanka furen don ado, kuma in ya gama, saiwar za ta sake yi baɗi? Ko in tara irinsa? *Daga wata mai kwalliyar amare, Ngawundere.*

Amsa: Hajiya, da sassafe ake yanka, lokacin da ƙullin ya nuna launi, in kin ɗan matsa shi da yatsu biyu ki ji ya yi taushi kamar curin auduga, bai kai ga buɗewa duka ba. In yana da tauri kamar goro, da saura. Karan rami ne a cikinsa, don haka wuƙa mai kaifi ko reza, a yanke tun daga gindi. Cire ganyen ƙasa, ki tsoma cikin ruwa mai sanyi kaɗan, santimita 5 ya isa, kina sauyawa kullum kina ɗan rage gindin. A ɗaki mai sanyi yana kai mako guda zuwa kwana goma. Ki sani dai furen ido ne, ba shi da wani ƙamshi. Wanda kika bari a jiki ya yi yaushi ki cire shi da wuri, don in ya fara ƙulla iri shukar rage sabon fure take yi.

Iri ba ma ba ki shawararsa. Ba ya tsira da kyau sai a sanyin digiri 10 zuwa 15, kuma yana cin wata huɗu zuwa biyar kafin fure, hunturunmu bai kai haka tsawo ba.

Saiwar ita ake adanawa. In fure ya ƙare kada ki yanke ganyen, da shi saiwar ke cika rumbunta. Rage ruwa sannu a hankali, in ganye ya yi rawaya duka ki tsayar, ki bar tukunyar a inuwa mako biyu ƙasa ta bushe ƙarau. Juye ta bisa tabarma, ki tsince saiwoyin, ki kakkaɓe ƙasa da hannu ba wanki. Sau da yawa za ki tarar guda ta zama biyu ko uku a sarƙe; ki raba su a hankali, kowace da nata kan mai gashi, don yatsan da ya ɓalle ba kai ba ya tsira. Shanya su a inuwa mai iska kwana bakwai zuwa goma, har su koma ƙanana masu tauri yadda suka zo miki. Na mutanen tudu sun fi cika. Na Garwa da Njamena, da yake zafi kan katse su da wuri, sukan fito sirara, furen baɗi ya yi rauni.

Abokin gabar ajiya a Ngawundere shi ne danshin damina, daga Afrilu har Oktoba. Leda tana gumi, kada ki sa su ciki. Ambulan takarda ya fi, ki rubuta launin kowanne a jiki, ki sa cikin gwangwani mai murfi tare da ƙullin busasshen gawayi ko ɗanyar shinkafa a tsumma don ya sha danshi, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Duk wata ki buɗe ki duba, wadda ta yi laushi ko fumfuna ki jefar, gawayin kuma ki sauya. Kada ruwa ya taɓa su sai ranar jiƙo, farkon Nuwamba.